Tambayi Likita: Hawan Keke Kullum a Garin Sakkwato

Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur, kekunan da aka daɗe da jinginewa a zaure suka fara fitowa, masu faci da gyaran keke kuma suka sake samun kasuwa. Tambayoyin da ke zuwa wannan fili sun bi sahu, domin yawancin masu rubuto mini a kwanakin nan suna son sanin ko jikinsu zai ɗauki hawan keke safe da yamma. Ga waɗanda na zaɓo.

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni ma'aikacin gwamnati ne, shekaruna 47, ina zaune a Mabera, kuma tsakanin gidana da wurin aiki akwai kimanin kilomita 6. Kuɗin kabu-kabu ya fara cinye mini albashi, shi ya sa na sayi keke na hannu. Sai dai ina da hawan jini, ina shan amlodipine, kuma rabona da keke tun ina sakandare. Babu haɗari?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Idan jininka yana zaune daidai da maganin da kake sha, to wannan keken na iya zama mafi amfanin abin da ka saya a bana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa kowane baligi ya samu motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako. Kilomita 6 a kan keke, ba tare da gaggawa ba, tafiyar minti 25 ce zuwa 30, wato zuwa da dawowa a ranakun aiki 5 sun kai ka ga wannan adadi ba tare da ka ware wani lokaci na daban ba. Irin wannan motsi, idan aka lizimce shi, yana rage adadin sama na awon jini da kimanin maki 5 zuwa 8 ga mai hawan jini. A shekarar 2017 masu bincike na Jami'ar Glasgow sun fitar da sakamakon bibiyar mutane fiye da 260,000 a Birtaniya har tsawon shekara 5, inda suka ga cewa masu zuwa aiki a kan keke sun fi masu zuwa a mota ƙarancin kamuwa da ciwon zuciya da kashi 46 cikin 100. Amma fa ranar Glasgow ba ranar Sakkwato ba ce, kuma zan yi bayanin wannan a amsa ta gaba.

Kafin ka fara, ka auna jininka na kwana uku a jere. Idan ya kai 180 bisa 110, ka ajiye keken har sai likitanka ya daidaita maka magani. Idan bai kai ba, kada ka tashi rana ɗaya ka ɗauki hanyar ofis. Ka yi makon farko kana zagaya unguwa na minti 10 zuwa 15 bayan sallar asuba, ka riƙa ƙara minti 5 bayan kowane kwana uku ko huɗu, sannan a mako na uku ka gwada zuwa aiki sau biyu, ka ga yadda jiki ya kwana. Ma'aunin saurin da ya dace mai sauƙi ne: idan kana iya gaisawa da mutum kana kan keke ba tare da numfashi ya sarƙe ka ba, kana daidai, idan kuwa kalma biyu ta gagare ka, ka sassauta.

Amlodipine yana buɗe hanyoyin jini, saboda haka idan ka tsaya cak bayan tuƙi mai ƙarfi, jini na iya taruwa a ƙafafu ka ji jiri. Ka riƙa rage gudu a minti 5 na ƙarshe. Nauyi ko matsi a ƙirji, ciwon da ke sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, bugun zuciya marar tsari, ko ganin duhu-duhu, duk alamu ne na sauka nan take a nemi asibiti. Kuma ko ka ga awon ya yi kyau bayan wata biyu, kada ka daina shan magani da ra'ayin kanka. Na sha ganin masu yin haka, kuma shanyewar ɓarin jiki ba ta yin sallama.

Tambaya: Likita, ni ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, daga cikin gari nake zuwa mazauninta na dindindin a kan keke. A bazara ina dawowa da ciwon kai da kasala, fitsarina ya yi ja kamar shayi. Nakan sayi maganin gajiya a kemis in sha. Haka ya isa? Yaya kuma zan yi da azumi?

Amsa: Bai isa ba, ɗana, kuma a cikin duk saƙonnin wannan mako naka ne ya fi tayar mini da hankali. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan wuce maki 40, iskar kuma busasshiya ce, tana shanye zufa tun kafin ta jiƙa riga, sai mutum ya zaci bai yi zufa ba alhali kuwa yana iya zubar da lita guda ta ruwa cikin awa ɗaya. Jan fitsari da ciwon kai shaida ce cewa jikinka yana bin ka bashin ruwa. Abin da ya fi muni shi ne haɗin da ake kira maganin gajiya, wanda sau da yawa akwai diclofenac ko ibuprofen a cikinsa. Waɗannan magunguna suna rage jinin da ke isa ƙoda, kuma idan suka tarar da jikin da ruwa ya ƙare masa, ƙodar na iya samun rauni cikin 'yan kwanaki. Ka daina shan su daga yau.

Ka sha kamar rabin lita kafin ka fito daga gida, ka ɗaura gorar ruwa a kariya, ka riƙa kurɓa duk bayan minti 15 ko 20 ba tare da jiran ƙishirwa ba. Launin fitsari shi ne alƙalinka: ya kamata ya kasance fari-fari, ba ja ba. Ranar da ka yi zufa sosai, ka haɗa ruwan gishiri da sukari na leda, wanda ake ba yara masu gudawa, bisa yadda aka rubuta a jikinsa. Lokaci ma magani ne, domin fita kafin ƙarfe 8 na safe da dawowa bayan la'asar sun fi duk wata dabara, kuma idan darasi ya ƙare da azahar gara ka zauna a laburare ka yi karatu har rana ta yi sanyi. Tufafi su zama na auduga, farare, marasa matsewa. Wanda ya fara hawa keke a tsakiyar bazara ya sani cewa jiki yana buƙatar kwana 7 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi.

Akwai matakin da ya wuce gajiya, kuma ina so kowane mai karatu ya gane shi. Idan mutum ya sha rana, jikinsa ya yi zafi rau, ya fara sambatu ko tangaɗi, ko ya kasa gane mutane, to zafin ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma rai na iya salwanta. A kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a kwarara masa ruwa ana yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti mafi kusa, ko Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na jami'ar. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki, kuma farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi.

Game da azumi, tafiyar safe ba ta cika zama matsala ba idan ka sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur. Ta dawowa ce abin lura: ko dai ka jinkirta ta zuwa dab da magariba, ko ka bar keken a ranakun da zafi ya tsananta. Idan kuwa kana da sikila, to maganar ta canza gaba ɗaya, domin ƙarancin ruwa yana tayar da ciwon, sai ka ga likitanka tukuna.

Tambaya: Likita, a sakaya sunana. Ban daɗe da aure ba, ina zuwa shagona a Babbar Kasuwa a kan keke. Wani lokaci idan na sauka sai in ji gabana ya sage na ɗan lokaci. Abokaina sun ce keke yana kashe mazakuta, yana kuma kawo basir.

Amsa: Na sakaya, ango, kuma ka kwantar da hankalinka. Sagewar da kake ji gaskiya ce, tana kuma da dalili. A tsakanin maraina da dubura akwai jijiya da hanyoyin jini da ke zuwa al'aura, kuma idan nauyin mutum ya sauka a kan hancin sirdi maimakon ƙasusuwan mazaunai guda biyu, sai a danne su, kamar yadda ƙafa ke mutuwa idan an daɗe a zaune a kanta. Laifin na sirdi ne, kuma mai gyaran keke zai magance shi cikin minti kaɗan. A daidaita sirdin ya kwanta sosai, kada hancinsa ya ɗaga sama. Idan siriri ne irin na masu tsere, a canza shi da mai faɗi ta baya ko mai rami a tsakiya. A ɗaga kan keken yadda ba za ka riƙa duƙawa da yawa ba. Ka riƙa miƙewa a kan feda na 'yan daƙiƙu duk bayan minti 10, haka ma idan za ka haye rami ko tudun rage gudu.

Rahotannin rauni mai ɗorewa sun fi fitowa daga masu shafe awanni da yawa kullum a kan siririn sirdi, ba mai tafiyar rabin awa zuwa kasuwa ba. Abubuwan da muke gani suna raunana maza a asibiti su ne ciwon suga, hawan jini, taba, ƙiba da damuwa, kuma keke yana yaƙar mafi yawansu ne. Kwalaben maganin maza da ake tallatawa da lasifika sun fi keken nan naka ba ni tsoro. Idan bayan gyaran sirdi sagewar ta ci gaba, ko ta wuce 'yan awanni, ka zo a duba ka.

Basir kuma daga taurin bayan gida da yunƙuri da daɗewa a tsugune yake samo asali. Keke ba ya haifar da shi, amma yana iya fama wanda ya riga ya kumbura, sai a huta har ya lafa. Ganye irin su zogale da rama, da wake, da wadataccen ruwa su ne rigakafinsa.

Tambaya: Maigidana yana da shekara 63, yana da ciwon suga, yana shan glibenclamide, gwiwoyinsa kuma suna ciwo. Ya dage sai ya riƙa zuwa gonarsa ta fadama a kan keke. In hana shi?

Amsa: Kada ki hana shi, Hajiya, ki dai shirya shi. Ga mai ciwon gwiwa keke ya fi tafiyar ƙasa sauƙi, domin sirdi ne ke ɗauke da nauyin jiki, juya feda kuma yana ƙarfafa naman cinya da ke tallafar gwiwa. Sharaɗin shi ne tsawon sirdi. Ya zauna ya ɗora diddige a kan feda lokacin da take ƙasa: idan ƙafar ta miƙe sosai, tsawon ya yi daidai. Mutanenmu suna son sirdi ya yi ƙasa don ƙafa ta taɓa ƙasa suna zaune, kuma wannan ne ke cin gwiwa. Ya guji danna feda da ƙarfi a cikin yashi. Gara ya sauka ya tura.

Maganin da yake sha ne ke buƙatar kulawarki. Glibenclamide, kamar allurar insulin, yana iya sauke suga fiye da kima idan aka haɗa shi da aikin ƙarfi, musamman ga dattijo. Kada ya fita bai karya ba. Idan kuna da na'urar awo, suga ƙasa da 100 (a ma'aunin mg/dL) yana nufin ya ci wani abu kafin ya hau, ƙasa da 70 kuwa ya faɗi ke nan. Rawar jiki, zufa mai sanyi, yunwa kwatsam da ruɗewa su ne alamun, maganinsu kuma ƙwayar sukari 4 ko dabino 3, waɗanda ya kamata su zauna a aljihunsa kullum. Sugan na iya faɗuwa ko da awanni bayan ya dawo, har cikin dare. Ki sa ya gaya wa likitansa wannan sabon tsari, domin wataƙila a rage masa magani ko a canza. Sannan ya sa takalmi rufaffe maimakon silifa, ki kuma riƙa duba masa tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowane dare, saboda mai ciwon suga yakan ji rauni bai sani ba.

Tambaya: Wata biyu ke nan ina hawa keke, amma tumbina yana nan. Me ya sa?

Amsa: Malam, rabin awa a kan keke yana ƙona kimanin kalori 200 zuwa 300 ne, robar lemon kwalba mai rabin lita kuma tana mayar da kusan 200. Ka duba abin da kake sha idan ka sauka, da yawan sukarin da ke cikin furarka da shayinka. Ka auna ƙugunka da tef ɗin tela sau ɗaya a wata, domin ya fi sikeli saurin nuna canji.

Tambaya: Ɗana mai shekara 13 yana da asma, yana so ya riƙa zuwa makaranta a kan keke daga Arkilla. Ina jin tsoron hazo da kuma titi.

Amsa: Asma ba ta hana yaro hawa keke idan ana kula da ita, kuma yaro mai shekarunsa yana buƙatar motsa jiki na minti 60 a kullum. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu mai sanyi da ƙura tana tsuke hanyoyin numfashi, saboda haka ya rufe hanci da baki da takunkumi, ya riƙa ɗaukar abin shaƙarsa na salbutamol a aljihu, ba a ƙasan jaka ba. Idan likitansa ya amince, zai iya shaƙa minti 10 zuwa 15 kafin ya fita. Ranar da hazo ya sauka har ba a hango ƙarshen layi, ko ya kwana yana tari, a kai shi a Keke Napep. Idan yana buƙatar abin shaƙar fiye da sau biyu a mako saboda ciwon ya taso, to asmar ba ta kwanta ba, a koma asibiti.

Tsoronki na titi ya fi na hazo tushe. Ki saya masa hular kwano ta keke wadda ta yi masa daidai, ya kuma riƙa ɗaure igiyarta, domin tana rage mummunan raunin kai da fiye da rabi. A duba birki biyun da ƙararrawa, a sa abin ƙyalli a baya, ya tattare ƙafar wandonsa ta dama kada sarƙa ta kama. Ya bi hannun dama tare da motoci, kada ya yi musu gaba da gaba, ya nisanci gefen tirela da motocin siminti, kuma a manyan shataletale ya sauka ya tura. Mahaifinsa ko yayansa ya raka shi a makon farko, su zaɓi hanyar cikin unguwa ko da ta fi tsawo, sannan ki duba katin rigakafinsa ki tabbatar allurar tetanus ɗinsa ta cika.