Amsa ga mai tambaya kan Odyssey: kar ka ajiye a babi na 4

Salam. Ɗan'uwa na ga tambayarka tun jiya da daddare, ka ce ka fara karanta Odyssey na Homer, tsohon mawaƙin nan na Girka, ka kai babi na 4 amma har yanzu ba ka ga shi Odisiyus ɗin ba, sai ɗansa kawai yana ta yawo gidajen sarakuna ana ba shi abinci, kana tambaya ko dodannin da ake faɗa suna ciki kuwa, kuma wai me zai sa mutum ya yi shekara 10 a hanya. Na yi dariya wallahi, don daidai wurin nan ni ma na ajiye shi karon farko lokacin muna jami'a.

Toh ka daure kaɗan, a babi na 5 zai bayyana. Littafin babi 24 ne, asalinsa waƙa ce ta baka mai layi sama da 12,000, rera ta ake yi a gaban jama'a, kuma yawancin masana suna sa ta wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Shi ya sa za ka ga ana ta maimaita abu, kullum asuba sai an ce mai jajayen yatsu, kullum Odisiyus sai an ce mai yawan dabara. Kamar kirari ne, mawaƙi yana riƙe shi ya samu numfashi, in ka ɗauke shi haka ba zai dame ka ba.

Dodannin suna babi na 9 zuwa 12, babi huɗu kacal. Daga birnin Tiroy ya taso da jirage 12 bayan yaƙin shekara 10, zai koma tsibirinsu Itaka a yammacin Girka. Wanda kowa ya sani shi ne ƙaton nan mai ido ɗaya, Folifemus, da ya rufe su a kogo yana cinye su bibbiyu. Odisiyus ya ba shi giya ya ce masa sunana Ba-kowa, da ya bugu suka soke masa ido da itace mai wuta, ya yi ta ihu 'yan'uwansa suka zo bakin kogo suna tambaya wa ke cutarka, ya ce Ba-kowa, suka ce to ai sai ka yi addu'a suka koma barci. Da a nan ya tsaya da shikenan. Amma da jirgi ya ɗan yi nisa sai girman kai ya motsa, mutanensa suna roƙonsa ya yi shiru, ya ɗaga murya ya faɗi sunansa na gaskiya da na ubansa da garinsu. Shi kuma ƙaton ɗan Fosaidon ne, abin bautarsu na teku a addininsu na wancan zamani, ya kai ƙara wurin uba. Kaga amsar rabin tambayarka kenan, bakinsa ne ya ja masa.

Sauran rabin kuwa lissafi ne. A cikin shekara 10 ɗin nan 7 a tsibirin Kalifso ya yi su, wata aljana da ta tsare shi, 1 kuma a wurin Sarsi, matsafiyar da ta mayar da mutanensa aladu, kuma a wurin Sarsi ba wanda ya ɗaure shi, mutanensa ne ma suka tuna masa da gida. Akwai kuma lokacin da har sun hango wutar da ake hurawa a Itaka, barci ya ɗauke shi, mutanensa suka kwance jakar da sarkin iska ya ba shi suna zaton zinariya ce, guguwa ta fito ta mayar da su inda suka fito. Jirage 11 wasu ƙatti suka farfasa su da duwatsu a rana ɗaya, na ƙarshen ya nutse bayan mutanen sun yanka shanun da aka hana su taɓawa. Shi kaɗai ya rage. Kuma ka lura, duk wannan da bakinsa yake ba da labari a fadar wani sarki da ya sauke shi, mutumin da daga baya za ka ga yana shara ƙarya son ransa wai shi ɗan tsibirin Kirit ne. Ni dai ina karanta babukan nan da ɗan shakku.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan doguwar amsa shi ne, a babi na 13 ya sauka Itaka. Rabin littafin kenan fa, saura babi 11 cur kuma yana cikin garinsu. Karatuna na farko wannan ne ya fi ba ni haushi, na ce mutum ya iso gida me kuma ya rage. Sai da na yi shekara 6 ina aiki a waje ban leƙo ba sai waya, ranar da na dawo 'yata da na bari tana rarrafe ta ruga ta ɓuya bayan mamanta, ta fi sati tana ce min baƙo, ɗakina an zuba buhunan masara a ciki, a majalisar unguwa ana hira da sunayen da ban sani ba. Bayan nan da na sake ɗaukar littafin, ɓangaren da na raina shi ne na kasa ajiyewa.

Ya sauka yana barci ne ma, ya farka bai gane ƙasarsa ba. Gidansa zawarawa 108 sun cika shi suna yanka dabbobinsa suna jiran matarsa Fenelofi ta zaɓi ɗaya, ita kuma ta ce sai ta gama saƙa likkafanin surukinta, da rana ta saƙa da dare ta warware, shekara 3 tana haka kafin wata baiwa ta tona. Ya shiga gidansa a kamannin tsohon mabaraci ana jifansa da kujera. Daga nan kowa da yadda zai gane shi. Karensa Argos yana kwance kan juji kaska ta cika shi, ya ji murya ya kaɗa wutsiya ya sauke kunne amma ba ƙarfin tashi, Odisiyus ya kau da kai ya share hawaye don kar a gane, kare ya mutu a wurin. Tsohuwar da ta yi renonsa tana wanke masa ƙafa hannunta ya taɓa tabon da aladen daji ya yi masa yana saurayi, ta saki ƙafar ruwa ya zube. Uban kuwa, Layatis, sai da ya lissafa masa itatuwan da ya ba shi a gona yana yaro, har da ɓaure 40, kafin ya yarda.

Fenelofi ta fi kowa burge ni. Ya ɗana bakan da duk zawarawan suka kasa, ya harba kibiya ta ratsa gatura 12, ya karkashe su, ya yi wanka ya zauna a gabanta, amma ta ƙi matsowa har ɗanta Telemakus yana mata faɗa. Sai ta ce wa tsohuwa a fito masa da gadonsa waje a shimfiɗa. Nan take ransa ya ɓaci ya ce wa ya motsa gadon, ai shi ya sassaƙa shi da hannunsa kuma ƙafa ɗaya kututturen zaitun ne mai saiwa a ƙasa. Abin da take jira kenan. Mutumin da ya yaudari kowa tun daga Tiroy, ita kaɗai ta sa shi ya yi suɓul da baka.

Kar dai ka shiga da tunanin mutumin kirki ne tsantsa. Garin farko da suka tsaya bayan yaƙi farmaki suka kai masa suka kwashe mata da dukiya, kuma a babi na 22 bayi mata 12 aka rataye bayan an sa su wanke jinin falon, wannan wurin har yau ba ya min daɗi.

Shawara, in fassarar waƙa ce a hannunka take maka nauyi ka nemi ta zube kamar ta E. V. Rieu, ko ta Emily Wilson ta 2017, waƙa ce ita ma amma turancinta mai sauƙi ne. Kana iya tsallakawa zuwa babi na 5 yanzu ka dawo wa na farkon daga baya, ba laifi. In ka kai babi na 19 inda suke hira da daddare ita da mabaracin, ka dawo nan ka faɗa min ko kana ganin ta riga ta gane shi, ni ina ganin ta gane, wani abokina malamin adabi ya ce sam, mun fi shekara muna wannan musun.