Na leƙa mikroskop ban ga komai ba

Tambaya: Malam barka da aiki, ni ɗalibar lise (babbar sakandare) ce a Zinder, mun saka albasa a mikroskop amma duhu kawai nake gani, ina matsalar?

Amsa: 'Yata, ina jin yankan ne ya yi kauri, haske bai ratsa ba. Wannan siririyar fatar ta cikin ɓawon albasar mai tsoka za ki ɗaye da farce, ki shimfiɗa kan gilashi, ɗigon ruwa ɗaya da ɗan aidin, ki rufe da siririn gilashi a hankali kar kumfa ta shiga. Ki fara da ƙaramin idon mikroskop ɗin (gilashin ƙara girma na ƙasa) mai 4, na sama 10 ne, kin ga ninki 40 kenan, ki dinga murza abin saita gani sannu sannu har ƙwayoyin su fito jere kamar tubalin gini. Don Allah kar ki goge idon da gefen hijabi, ƙurar hunturun Damagaram tana karce gilashi.