Kafin ka sake tura wa kamfanin gem ayyukanka

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce kullum kana ɗora abin da ka zana a Instagram da TikTok, mabiya suna ta ƙaruwa, amma cikin kamfanonin gem, wato wasan bidiyo, da ka nemi aiki ko ɗaya bai waiwaye ka ba. Kana tambaya ko ka ƙara buɗe shafi a X da YouTube, ko kuwa ka biya kuɗin talla don sunanka ya bazu. Amsata ita ce a'a. Kada ka ƙara ko shafi ɗaya yanzu, kada ka kashe ko sisi a talla. Na shiga na duba abubuwan da kake ɗorawa ɗaya bayan ɗaya. Masu gani kana da su. Abin da suke gani ne bai kai a ɗauke ka aiki ba tukuna, kuma wannan abu ne mai gyaruwa.

Ka fara sanin wanda kake yi wa nuni. A kamfani, daraktan zane ne ko shugaban sashe yake buɗe kundin ayyukanka, ga tulin na wasu yana jiransa, ga aikin gabansa bai gama ba. Ba ya duba yawan mabiyanka, sau da yawa ma ba zai san kana da su ba. Tambaya ɗaya ce a ransa: in na ba yaron nan aiki ranar Litinin, abin da zai kawo zai shiga gem ɗinmu ya zauna lafiya, ko sai wani ya sake yin sa?

Tambayar nan tana da nauyi saboda gem ba hoton bango ba ne. Idan gem yana gudu da hoto 60 a daƙiƙa, na'urar tana da kamar milisakan 16.7 ne kacal ta zana duk abin da ke kan allo: ƙasa, gine-gine, haske, inuwa, hayaƙi, mutane. Idan 30 ne, milisakan 33. Duk abin da ka ƙera yana cin rabonsa daga wannan ɗan lokacin, yana kuma cin gurbi a ƙwaƙwalwar na'ura. Takobin nan da ka ɗora makon jiya ya yi kyau, ba na musu, hannunka ya faɗa a sassaƙa. Amma yadda ka sassaƙa shi da foligon miliyoyi, wato ƙananan fuskoki irin su alwatika da ake harhaɗa siffa da su a kwamfuta, haka ka bar shi. Ba ka sake gina masa mara nauyi ba, ba ka shimfiɗa masa UV ba, wato buɗe fatar jikinsa a shimfiɗe don a ɗora mata launi, ba ka kwashe ƙananan zane-zanen jikinsa ka mayar da su taswirar nomal, hoton da ke sa mara nauyin ya yi kama da mai nauyin, ba, ba ka kuma taɓa saka shi a injin gem irin su Unreal ko Unity ka ga yadda haske zai faɗa masa ba. Wanda ya san aikin zai ce an yi kashi ɗaya cikin uku an tsaya. Kada ka ce ai Unreal Engine 5, da ya fito a 2022, ya zo da fasahar Nanite mai ɗaukar foligon masu yawa. Gaskiya ne, amma galibin ayyukan da sabon shiga yake samu na gem ɗin waya ne ko na ƙananan kamfanoni, inda har gobe ƙirga foligon ake yi. Ko a manyan ma, UV da tsarin launi ba su je ko'ina ba.

Ka san idan mai saye ya san ɗinki, in aka miƙa masa babbar riga ba ya tsayawa kallon aikin gaba, juya ta yake yi ya duba bayan ɗinkin. Haka ake duba aikinmu. Saboda haka duk abin da za ka saka a kundinka, ka juya wa mai duba shi da kanka. Hoto na farko ya zama mafi kyau, wanda ka ɗauka a cikin injin gem ko a manhajar Marmoset, da haske mai tsabta. Bayansa ka nuna ragar foligon, ka nuna shimfiɗar UV don a ga ba ka yi ɓarnar fili ba, ka nuna taswirori daban-daban: ta launi, ta kaushi da santsi, ta ƙarfe, ta nomal. Ka rubuta adadin alwatikan da ke jikinsa da girman taswirar. In ka yi amfani da taswira mai faɗin ɗigo 4096 a kan abin da mai 2048 ta ishe shi, ka sani ka ninka gurbin da yake ci sau huɗu, kuma za a lura. Rubutun kada ya wuce layi uku ko huɗu: mene ne wannan, da me aka yi shi, wane ɓangare ne naka idan aikin haɗin gwiwa ne.

Abu na biyu da na gani shi ne kundinka bai faɗi ko kai wane ne ba. Ga fuskar jarumi, ga mota, ga tambarin shago, ga zanen katun, ga allon biki. Na san dalili, kana nuna duk abin da ka iya ne don kada wata dama ta wuce ka. Amma kamfani ba ya tallar neman "mai zane". Yana neman mai gina muhalli, ko mai ƙera kayayyaki, ko mai sassaƙa mutane da halittu, ko mai zana tunanin farko kafin a gina, ko mai motsa su, ko mai yin wuta da hayaƙi da ruwa, ko mai tsara maɓallan allo. Kowanne sana'a ce mai zaman kanta. Ka zaɓi ɗaya. Ni a abin da na gani, idonka ya fi kaifi a kan gini da kayan ƙarfe da itace, don haka muhalli da kayayyaki nake ba ka shawara. Ka taɓa gaya mini zuciyarka ba ta kwanta da sassaƙa abu mai rai ba. Hukuncin wannan na malamai ne, ka tambaye su. Ta fuskar sana'a dai ka kwantar da hankalinka, mutum yana iya shekara da shekaru yana gina garuruwa da motoci da makamai bai taɓa sassaƙa fuska ba.

Aiki uku zuwa biyar da aka gama tsaf sun ishe ka. Sauran ka sauke su. Na san da zafi, don kowanne ka sha wahalarsa, amma mai duba yana auna ka ne da mafi rauni a cikinsu. Yana ɗauka cewa in har ka ga wancan ya cancanci nunawa, to idonka bai gama bambance mai kyau da mara kyau ba, kuma wannan ya fi rashin iya wata manhaja tsoratar da shi, domin manhaja ana koyon ta a wata biyu.

Yanzu me za ka gina? A nan nake so ka saurare ni da kyau. Kundin sababbin shiga cike yake da abu iri ɗaya: lungun jirgin sama jannati, akwatin harsasai, gidan Turawan da, takobin Japan. Duk daga darasin bidiyo ɗaya aka kwaso su, kuma masu ɗaukar aiki sun san darussan nan, da gani suke gane su. Kai kuwa kana zaune a tsakiyar abin da yawancinsu ba su taɓa gani ba. Ka je Gidan Makama a Kano ka tsaya ƙarƙashin rufin ka ɗaga kai. Ka je Zariya ka ga bakan gizon tsohon Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, ka ga yadda aka jera azara aka lanƙwasa ta aka rufe da ƙasa. Ka kalli hasumiyar masallacin Agadas da itatuwan da suka fito daga jikinta, da zanen bangon gidajen Birnin Damagaram, da ramukan rini na Ƙofar Mata. Zaure ɗaya kaɗai ya ishe ka nuna duk abin da mai gina muhalli yake buƙatar nunawa. Akwai bangon tubali da yaɓen makuba, inda za ka koyi yin taswirar da ke maimaita kanta ba a ga haɗi ba. Akwai zanko a kan soro, da indararo da zanen da ruwan damina ya bari a ƙarƙashinsa. Akwai ƙyauren itace mai ƙusoshin ƙarfe, inda hannu ya goge wurin turawa har ya yi santsi, ƙasan kuma gara ta taɓa. Akwai dagi a goshin ƙofa. In ka raba ginin gida-gida, bango daban, kusurwa daban, ƙofa daban, baka daban, ta yadda da guda goma ko sha biyu za a iya harhaɗa unguwa guda, ka nuna musu ka fahimci yadda ake gina gari a gem ba tare da an ƙera kowane gida daga farko ba.

Sai dai ka yi hattara. Baƙuntar abin ba za ta rufe maka raunin aiki ba, za ta sa a tsaya a duba ne kawai, daga nan ingancin ne zai yi magana. Kuma ka ɗauko hotunan da kanka, ka nemi izini kafin ka ɗaga waya a gidan mutane ko a masallaci, ka auna tsayin ƙofa da kaurin bango da tef. Kuskuren girma shi ne abin da ya fi tona asirin sabon shiga: ƙofar da in mutum ya tsaya kusa da ita sai ta zama ta ƙattai. Kullum ka ajiye siffar mutum mai tsayin kamar mita 1.8 a gefen abin da kake ginawa. Daga cikin ayyukanka kuma, ɗaya ya kasance a salon kamfanin da kake hari, don su ga za ka iya bin tsarin wani. A wurin aiki ba abin da ranka yake so za ka riƙa zanawa ba.

Batun inda za ka ajiye su ba shi da tsawo. Dandalin ArtStation, wanda aka buɗe a 2014 kuma Epic Games ta saya a 2021, nan ne masu ɗaukar aiki a harkar nan suka saba dubawa, kuma buɗe shafi kyauta ne. Sketchfab yana ba mutum damar juya abin da ka ƙera da hannunsa. LinkedIn kuma don masu farautar ma'aikata. Ka yi amfani da sunanka na gaskiya iri ɗaya a ko'ina, ka bar laƙabin nan na makaranta. A saman shafi ka rubuta sana'arka a layi ɗaya da adireshin imel mai aiki. Turancin ya zama gajere mai tsabta, ka ba wani ya duba maka. Instagram ɗinka ba na ce ka rufe ba, ka mayar da shi wurin nuna yadda aiki yake tafiya, sau ɗaya ko biyu a mako ya isa. Ɗorawar kullum ce take tilasta maka yin abin da za a gama a dare ɗaya, shi ya sa ba ka da aiki ko ɗaya da ya ci wata guda. Ka kuma tuna shafin nan shaida ne a kanka, zagi da faɗan siyasa da ka yi a can ana gani.

Abin da ya fi mabiya amfani shi ne mutum biyu ko uku da suka fi ka, waɗanda za su gaya maka gaskiya. Idan za ka nemi gyara a wurin ƙwararre, kada ka tura masa "duba mini aikina". Ka tura hoto ɗaya da tambaya ɗaya: hasken nan ya kashe mini zanen bango, me zan canza? In ya amsa, ka gyara, ka dawo ka nuna masa. Ta haka ake sanin mutum a sana'ar nan, kuma ta haka sunanka zai faɗo a bakin wani ranar da gurbi ya samu. Ka shiga Global Game Jam, da ake yi duk ƙarshen Janairu tun 2009, inda ƙungiya take haɗa gem cikin awa 48, ko ɗaya daga cikin ire-irensa da ake yi a dandalin itch.io. Gem ɗin da za ku yi ba lalle ya yi kyau ba, amma za ka ji yadda mai rubuta manhajar gem ɗin yake cewa abinka ya yi nauyi ka rage, ka kuma rage ɗin kafin gari ya waye.

Ba zan ɓoye maka ba, kasuwar ta yi tsauri. A watan Janairun 2024 kaɗai Microsoft ta sallami ma'aikata 1,900 daga sashenta na gem, Unity ta sallami wajen 1,800, kafin nan Epic ta rage fiye da 800 a 2023. Ƙwararru da yawa suna neman gurbin da kake nema. Ga kuma manhajojin da ke fitar da hoto da kansu, waɗanda a Disambar 2022 masu zane suka cika ArtStation da hotunan nuna ƙin amincewa da su. Kada ka saka abin da na'ura ta fitar a kundinka da sunan aikinka, za a tambaye ka yadda ka yi shi, ka rasa amsa. Wannan ma wani dalili ne na nuna matakan aikinka tun daga zanen fensir. Kada kuma ka sa ido a kan Amurka da Turai kawai. Akwai Maliyo Games a Legas, akwai Leti Arts a Gana, akwai Kiro'o Games a Yawunde da suka fitar da Aurion a 2016, ga kamfanonin da ke karɓar kwangilar zane daga manyan. Wanda duk ya ce ka biya kuɗi kafin ya ba ka aiki ɗan damfara ne. In kuma ka sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri, ko kusurwar hoton aikin kada ta fita sai an ba ka izini.

Kuɗin manhaja kada ya tsayar da kai. Blender da Krita da Godot kyauta ne, Unreal ma kyauta ake sauke shi. Kwamfutarka ba za ta ɗauki gari guda ba, amma za ta ɗauki ƙyaure ɗaya.

Da shi za ka fara. Makon nan ka nemo tsohon ƙyauren zaure, ka ɗauke shi hoto ta gaba da ta gefe da kusa-kusa, ka auna shi. Ka sassaƙa mai nauyin, ka gina mara nauyin kada ya haura alwatika 5,000, ka shimfiɗa UV a taswira ɗaya ta 2048, ka yi masa launi, ka saka shi a Unreal da hasken hantsi. Na ba ka mako shida. Kafin ka fara launi ka kawo mini UV ɗin in gani, don in an yi kuskure a wurin sai an warware duk abin da ya biyo baya. Ka gaida mutanen gida.