Kada ka sayi sabuwar na'ura tukuna, ciwon yana cikin fayilolinka

Salam Malam. Ina karanta tambayarka ina jin kamar ni na rubuta ta. Ka ce ka kwashe sidi kusan 300 na kiɗan gargajiyar Turai (classical) ka zuba a sabar gida, wato kwamfutar da ke ajiye kiɗan tana aika wa sauran na'urori, da ka buɗe manhajar a waya sai ka nemi Beethoven ka rasa: rabinsa yana ƙarƙashin Karajan, madugun makaɗa, rabi ƙarƙashin ƙungiyar makaɗan Berlin, ga kiɗa sama da arba'in duk sunansu Allegro. Kana tambaya ko ka canza na'ura. Don Allah riƙe kuɗinka. Na'urarka lafiyarta ƙalau.

Yawancin manhajojin nan an gina su ne a kan mawaƙi, albam, waƙa, shi ke nan. Ga mawaƙanmu na gida wannan ya wadatar, tunda mai waƙar shi ne mai rerawa. Amma mu a faifai ɗaya akwai wanda ya rubuta kiɗan, da madugun da ya ja makaɗa, da ƙungiyar, wani lokaci da mai fiyano ko mai goge, kuma duk ana so a cusa su a gurbi ɗaya. Ka duba ko Apple, sai da suka sayi Primephonic, wata manhajar sauraron irin wannan kiɗa, a 2021, suka fito da manhaja ta daban ta wannan kiɗa a 2023. To ina ga ni da kai.

Amma kafin komai, ka yi kwafi. Yau, ba gobe ba. Bari in gaya maka dalili, har yanzu idan na tuna raina ɓaci yake.

Na yi kusan shekara biyu ina gyara tag ɗina da hannu, wato bayanan da ke liƙe a cikin kowane fayil kamar sunan kiɗa da na makaɗi, bayan isha'i, faifai uku ko huɗu a dare. Maiɗakina har tsokanata take wai na yi mata kishiya. Ana nan wata rana wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona wani abu a kwamfutar da nake amfani da ita a matsayin saba. Na kai wa wani mai gyara, na ce masa wuta kawai za ka duba, kada ka taɓa komai a ciki. Da bakina na faɗa, har sau biyu. Bayan kwana uku na je karɓa, yana ta murmushi, ya ce: "Oga, na ga kiɗanka a hargitse, sunayen duk sun yi tsawo, na sa wata manhaja ta jera maka su. Ban ma caje ka kuɗin wannan ba."

A nan ban gane girman ɓarnar ba, har godiya na yi masa. Wallahi godiyar nan ita ta fi ci min rai. Sai da dare na zauna na kunna Goldberg, wani aikin Bach, wanda mai fiyano Glenn Gould ya kaɗa. Kun san ya ɗauke shi sau biyu, 1955 da 1981, na farko minti 38 da ɗoriya yana gudu kamar an biyo shi, na biyu kusan minti 51 a natse. Manhajar mutumin nan ta ga suna ɗaya, makaɗi ɗaya, sai ta haɗe su albam guda mai gaɓa 64, tunda kowane ɗauka gaɓa 32 ne. Aria ta ƙare, wata Aria ta sake farawa. Gaɓa ta farko ta saurayi, sai ta farko ta dattijo, haka har ƙarshe. Na tashi na buɗe folda, hannuna yana rawa. Har sunayen fayilolin ya canza. Lambobin BWV, wato lambobin ayyukan Bach, da na bi ɗaya bayan ɗaya na saka, babu. Gurbin marubucin kiɗa fanko a fiye da rabin tarin. Simfonin Beethoven na Karajan, na 1963 da na 1977, sun cakuɗe da juna. Wasu faifan ma an liƙa musu hoton bangon da ba nasu ba.

Washegari na koma wurinsa. Ka san abin da ya ce? Wai ai kiɗan bai goge ba, duk yana nan yana kunnuwa, mene ne na tashin hankali a kan suna. Ya ƙara da cewa kiɗan da ba a waƙa a ciki ai duk ɗaya ne. Na tsaya ina kallonsa, na rasa ta inda zan fara. Ba mugu ba ne, gyaran gangar Auzinawa ya yi min, amma ko haƙuri bai bayar ba, kuma ni ba ni da kwafi ko ɗaya. Wata uku ban kunna sabar ba. Ko kallonta ba na son yi.

Shi ya sa duk wanda ya ce maka danna maɓalli ɗaya komai ya jeru, ka yi hattara. MusicBrainz Picard, manhajar da ke cika tag da kanta, yana da kyau, ina amfani da shi, amma albam ɗaya-ɗaya, ina duba abin da zai canza kafin in ce ya ajiye. Sauran aikin a Mp3tag, manhajar gyara tag da hannu, nake yi.

Ga yadda na sake ginawa. Marubucin kiɗa yana da gurbinsa, wanda aka rubuta Composer a kai, kada ka sa shi a gurbin mawaƙi. Kuma ka zaɓi rubutu ɗaya ka tsaya a kai. Faifan Ingila zai ce Tchaikovsky, na Jamus Tschaikowsky, na Faransa Tchaïkovski, ita kuwa saba mutum uku take gani. Haka Dvořák mai alama da Dvorak marar alama. Ni sunan ƙarshe nake sa wa a gaba, Bach, Johann Sebastian, don kada ya cakuɗe da 'ya'yansa, tunda su ma sun rubuta kiɗa.

Maganar Allegro arba'in kuwa, Allegro alamar saurin gaɓa ce kawai, sunan aikin ne ba ka saka ba. Ko dai ka cika gurbin Work idan sabarka tana karanta shi, ko ka sa sunan aikin a gaban kowace gaɓa, kamar Symphony No. 5, Op. 67: I. Allegro con brio. Ni duka biyun nake yi, saboda gobe ina iya canza manhaja. Kada ka raina lambobin nan, Op. da K na Mozart da BWV na Bach, su ne katin shaida. Haydn kaɗai yana da simfoni 104 masu lamba, idan ka dogara da "wanda ke D major" ka shiga uku. A sunan albam kuma ina ƙara madugu da shekara a ƙarshe, Kleiber 1974 misali, kuma shekarar da aka ɗauka nake sawa, ba wadda aka sake buga faifan ba. Da na yi haka tun farko, da wataƙila Gould ɗina bai haɗe ba.

Af, ambaton Kleiber ya tuna min, tunda simfoni na 5 na Beethoven ya ɗauka a 1974. Ka gwada wannan yau da dare: kunna simfoni na 5 na Beethoven, ka saurari ƙarshen gaɓa ta uku. Ganga tana bugawa can ƙasa-ƙasa, goge yana tasowa a hankali, sai ta huɗu ta fashe ba tare da an tsaya ba. Idan ka ji shiru ko na ƙiftawar ido a tsakani, to hanyar da kake kunnawa tana yanka kiɗa tsakanin fayil da fayil. Wannan ba laifin tag ba ne, tsakanin manhajar waya ne da na'urar da ke fitar da sauti. Ni nan ne kaɗai zan yarda ka kashe kuɗi, shi ma bayan ka gwada wata manhajar. Sannan idan akwai abin daidaita ƙarfin sauti, sa shi a kan albam, kada ka sa a kan gaɓa-gaɓa, in ba haka ba gaɓa mai sanyi za ta riƙa ihu daidai da mai zafi.

Ni yanzu manhajar saba mai suna MinimServer nake amfani da ita a kan 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, ina sarrafawa da manhajar BubbleUPnP a waya. Wannan tsarin yana barina in shiga ta marubuci, in gangara zuwa aiki, sannan in zaɓi madugu, ko in fara ta madugun in ga me nake da shi nasa. Abin da ya ƙara sa na so shi, Pi ba ta cin wuta, inbata tana riƙe ta har asuba, kuma ko data ta ƙare kiɗana yana gida. Na san akwai masu amfani da Roon, wani tsarin saba na daban, kuma gaskiya yana gane aiki da gaɓoɓinsa da kyau, sai dai biyan kuɗi ne da dala, ni aljihuna bai kai ba. Wasu na kan Lyrion, wanda a da ake kira Logitech Media Server, shi kyauta ne. Kowanne ka ɗauka, idan tag ɗinka a hargitse yake, hargitsin zai nuna maka.

Manyan akwatuna su ka bari sai ƙarshe. Ring, wasannin opera huɗu na Wagner, na madugu Solti sidi 14 ne, ka ba kowane wasa daga cikin huɗun sunan albam nasa, ka sa lambar faifai daidai. Simfonin Mahler da ya tsallaka faifai biyu, albam ɗaya ne, kada ka bar "CD1" da "CD2" a cikin sunan. Kuma kada ka ce za ka gama 300 a mako guda, za ka tsani kiɗan. Fara da marubuci ɗaya da ka fi saurare.

Na koma kan kwafi, ka yi haƙuri. Sidi ɗaya a FLAC, tsarin fayil da ba ya rage ingancin sauti, yakan ci tsakanin megabait 300 zuwa 400, wato duk tarinka bai fi gigabait 120 ba. Ƙaramin faifan ajiya na waje ya ishe ka. Ka kwafa, ka zare shi daga wuta, ka sa a durowa. Nawa biyu ne yanzu, ɗaya yana gidan ƙanena. In kuma za ka kai kwamfuta gyara, ciro faifan kiɗan ka bar shi a gida.

Ɗauko min hoton allon Mp3tag na albam ɗaya daga cikin waɗanda suka watse, na Beethoven ɗin ma ya yi, yadda zan ga gurbin marubuci da na mawaƙin albam. Ka kuma faɗa min wace na'ura ce ke haɗe da lasifikarka.