Tambaya da Amsa: Jarina ya karye, ko zan iya sayen mota in yi mata inshora?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Tudun Hatsi, Gombe. Na karɓi rance a wani banki na sayi masara na ajiye, sai farashi ya faɗi, jarina ya karye, kuma har yanzu bankin da wasu abokan ciniki biyu suna bina bashi. Yayana ya ce zai taimaka mini da kuɗin mota ta hannu domin in riƙa ɗaukar fasinja tsakanin Gombe da Bajoga. Shin doka ta yarda in sayi mota a wannan hali? Kuma kamfanin inshora zai karɓe ni? Wasu sun ba ni shawarar in sa sunan matata a takardun.
Daga wani mai karatu a Gombe

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya mayar da alheri. Kafin komai, ya kamata ka tantance matsayinka a gaban shari'a, domin ba duk wanda jarinsa ya karye ne doka take ɗauka a matsayin wanda ya kasa biyan bashi ba. A Najeriya, Babbar Kotun Tarayya ce take da hurumin yanke wa mutum wannan hukunci a ƙarƙashin dokar fatarar kuɗi ta 1979, kuma daga bayaninka babu alamar an kai ka can. Da an yanke maka shi, da dukiyarka ta koma hannun wakilin da zai raba wa masu bin bashi, har ma da abin da ka samu daga baya muddin kotu ba ta sallame ka ba, kuma karɓar sabon bashi ba tare da bayyana halinka ba zai zama laifi. A irin wannan yanayi ba a taɓa cinikin mota sai an nemi shawarar lauya.

Idan kuwa bashi ne kawai a wuyanka, babu dokar da ta hana ka mallakar mota. Abin da ya kamata ka sani shi ne, duk wanda ya kai ka ƙara ya yi nasara yana iya neman kotu ta aiko ma'aikatanta su kama kadarorinka a yi gwanjonsu, kuma mota tana cikin abubuwan da aka fi saurin kamawa, tun da a fili take, ga lamba ga takardu. Haka nan tun watan Agusta na 2020 Babban Bankin Najeriya ya fito da tsarin da ake kira GSI, wanda ya ba bankin da ke bin mutum bashi damar cire kuɗinsa daga asusun da yake da shi a wasu bankuna ta hanyar lambar BVN, idan mutumin ya sa hannu a kan haka lokacin karɓar rancen. Saboda haka, idan yayanka ya turo kuɗin motar cikin asusunka, kana iya wayar gari babu su. Batun sayen mota da sabon rance, ko ta tsarin murabaha na bankunan Musulunci, inda banki yake sayen kaya ya sayar maka da riba ka biya daga baya, zai yi wuya a yanzu, domin bankuna suna duba tarihin mai nema a kamfanonin adana bayanan bashi irin su CRC da FirstCentral kafin su amince.

Shawarar sa sunan uwargida ita ce ban goyi baya ba ko kaɗan. Idan kuɗin naka ne, ko kyauta aka ba ka, sannan ka rubuta sunan wani don kada masu bin bashi su gani, ka ɓoye dukiya ke nan, kuma kotu tana iya warware irin wannan dabara idan aka tabbatar da ita. Malamai ma sun daɗe suna jan kunne cewa jinkirta biyan bashi ga wanda yake da hali zalunci ne, kamar yadda aka umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda yake cikin ƙunci. Ban da wannan, akwai haɗarin da mutane ba su cika tunawa da shi ba sai ya auku: wanda sunansa yake a takarda shi ne mai mota a idon hukuma, don haka idan rai ya yi halinsa, ko aure ya samu matsala, motar za ta shiga lissafin gado ko rikicin rabuwa, kai kuma ba ka da hujjar da za ka nuna.

Hanyar da ta fi tsabta tana nan kusa da kai. Yayanka ya sayi motar da kuɗinsa, ta zama tasa da gaske, a yi canjin mallaka da sunansa, ya ba ka tuƙi bisa yarjejeniya a rubuce da shaidu, kana kawo masa balas kamar yadda direbobi suke yi a kowace tasha. Wannan ba yaudara ba ce, domin ba dukiyarka aka ɓoye ba. Sannan ka je ka zauna da mutanen da suke binka, ka gaya musu cewa ka samu sana'a, ku yanka abin da za ka riƙa biya duk wata. A ganina gara su ji daga bakinka da su hango ka a tasha riƙe da makulli.

Game da inshora, wadda doka ta wajabta ita ce ta kare haƙƙin wasu, wato wadda take biyan diyya ga wanda ka buge ko ka lalata wa dukiya, kuma bashin da ke kanka ba ya hana a ba da ita. Daga 1 ga Janairu 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta na motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, tare da ɗaga iyakar diyyar dukiya zuwa naira miliyan 3, kuma 'yan sanda sun tsananta bincikenta tun 1 ga Fabrairu 2025. Amma ka lura, wannan farashi na motar gida ne. Motar haya tana da nata tsarin, kuma idan aka yanki ta gida don sauƙi alhali fasinja ake ɗauka, kamfani yana da hujjar ƙin biya ranar da tsautsayi ya faɗa. Inshora yarjejeniya ce da aka gina a kan faɗin gaskiya, saboda haka a bayyana wane ne mai motar, wane ne zai tuƙa ta, da aikin da za ta yi, kuma idan takardar neman ta tambayi ko kotu ta taɓa yanke maka hukuncin bashi, ka amsa yadda abin yake. Ita inshorar kare haƙƙin wasu ba ta gyara motarku idan ta lalace. Mai yin haka ita ce cikakkiya, wadda hukumar ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar, wato naira 200,000 ga motar miliyan 4. Idan yayanka yana da halin biya, zan ba shi shawarar ya yi, domin mutumin da bashi ya yi wa katutu ba zai iya ɗaukar asarar motar wani ba. Idan zuciyarku ba ta natsu da inshorar da aka saba ba, akwai kamfanonin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, masu lasisi, irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful.

A guji masu yanka takarda a bakin ofishin lasisi a kan 'yan kuɗi kaɗan, domin da yawa daga cikin takardunsu na bogi ne. A biya kamfanin kai tsaye, tun da a doka kariya ba ta fara aiki sai an biya kuɗin, sannan a shiga shafin askniid.org a sa lambar motar a tabbatar cewa sunan kamfanin da ranar ƙarewar inshorar sun fito kafin ka ɗauki fasinjan farko.