Tambaya da Amsa: Shin intanet ta raba gidan rediyo da mawaƙa ke nan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina gabatar da shirin waƙoƙi a wani ƙaramin gidan rediyo mai zaman kansa. A da mawaƙa ne ke bin mu suna roƙon a sa musu waƙa, yanzu kuwa sai waƙa ta gama karaɗe wayoyin jama'a kafin ta iso hannunmu. Masu kawo talla ma sun ja baya, wai Facebook ya fi musu sauƙi. Shin tamu ta ƙare ke nan? Kuma idan sabon mawaƙi ya nemi shawarata, in ce ya kawo mana waƙarsa ko ya nufi TikTok?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Taku ba ta ƙare ba. Sai dai abubuwa biyu sun kuɓuce muku, kuma ba na jin za su dawo yadda suke: ikon tsare ƙofar da waƙa ke bi ta kai kunnen jama'a, da kaso mai tsoka na kuɗin talla. Gara mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, domin dalilansu sun bambanta.

Abin da ya sa mawaƙa ke bin ku a da shi ne ƙarancin gurbi. Zangon rediyo a ƙididdige yake, hukuma ke raba shi da lasisi, yini kuma awa 24 ne kacal. Idan waƙa tana cin minti huɗu, awa guda ba za ta ɗauki fiye da goma sha biyar ba, ko da ba a sa talla ko labarai ba. Duk wanda ke zaɓen waɗannan goma sha biyar ɗin ya riƙe wuyan kasuwa. Ikon ya kai har a Amurka majalisa ta buɗe bincike a 1959 kan masu gabatar da shiri da ke karɓar cin hanci daga kamfanonin faifai, a 1960 kuma aka gyara doka ta wajabta wa tasha ta bayyana duk abin da aka biya aka sa.

Intanet ta kashe wannan ƙarancin a hankali. Napster, manhajar musayar waƙoƙi, ta fara a 1999, YouTube a 2005, Spotify, manhajar sauraron waƙa, a 2008, TikTok kuma ta bazu a duniya bayan haɗewarta da Musical.ly a 2018. Amma manhaja kaɗai ba za ta iya ba. Lokacin da intanet ke tafiyar hawainiya, sauke waƙa ɗaya na cin mintuna, bidiyo kuwa ba a ma maganarsa. Sai da layin intanet mai ƙarfi ya shiga gidaje, 4G ta fara aiki a ƙarshen 2009 daga baya ta shiga wayoyi, sannan kowa ya iya jin abin da yake so a lokacin da yake so. Alƙaluman ƙungiyar kamfanonin faifai ta duniya, IFPI, sun nuna cewa a 2023 kasuwar waƙoƙin da aka naɗa ta samu dala biliyan 28.6, kuma kusan kashi 67 cikin 100 daga sauraro ta intanet ya fito.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure, suna cewa yanzu babu mai tsaron ƙofa. Akwai shi, wuri ya sauya. Kamfanin Luminate mai tattara alƙaluman waƙa ya ƙiyasta cewa a farkon 2023 ana ɗora sabbin waƙoƙi kusan 120,000 kowace rana a manhajojin sauraro. Babu ɗan Adam da zai iya sauraron wannan. Don haka zaɓen ya koma hannun lissafin manhaja, wanda ke duba wa ya tsallake waƙa, wa ya maimaita ta, wa ya aika wa abokinsa, wa ya ɗora sautinta a bidiyonsa, sannan ya yanke wa zai nuna wa ita gaba. A da mawaƙi zai iya zuwa ya same ka, ya gaishe ka, ka saurara ka gaya masa inda waƙarsa ta yi rauni. Lissafi ba a yi masa sallama, kuma idan ya juya wa mutum baya ba ya faɗin dalili.

Abin har ya taɓa siffar waƙar kanta. Spotify ba ta ƙirga sauraro sai ya kai daƙiƙa 30, gajerun bidiyoyi kuma ɗan tsakure suke buƙata wanda zai kama kunne nan take. Shi ya sa za ka ji shimfiɗar kiɗa ta gajarce, amshi na zuwa tun farko, waƙoƙi da dama ba sa kai minti uku. Ni dai ina ganin an yi asara a nan, domin waƙar da ke buƙatar a zauna a bi ma'anarta baiti bayan baiti ba ta da wurin numfasawa a irin wannan tsarin. Wannan ma wani gurbi ne da shiri irin naka zai iya cikewa.

Abin da ka lura da shi, cewa waƙa na riga ku shiga gari, shi ne sabon tsarin. A da rediyo ke farawa kasuwa ta bi. Yanzu waƙa ke ɗumi a waya, rediyo ya zo ya tabbatar da ita ya kai ta ga waɗanda ba sa zama a kan manhaja. Mujallar Billboard ta amince da haka tun 2013 da ta fara lissafa kallon YouTube a jerin manyan waƙoƙinta. A 2020 wata waƙar 1977 ta koma cikin jerin saboda bidiyon da wani mutum ya ɗora a TikTok, ba tare da kamfanin faifai ya tsara hakan ba.

Batun talla ya fi zafi. Mai ɗan kasuwanci yana iya buɗe wayarsa ya zaɓi shekarun waɗanda yake so su ga tallarsa da yankin da suke, ya biya ɗan abin da ya sawwaƙa, gobe ya ga mutum nawa suka latsa. Ƙaramar tasha sau da yawa ba ta da adadin masu sauraro da za ta iya ajiyewa a kan tebur. Kuɗin da a da ke yawo tsakanin ɗan kasuwa da tashar yankinsa yanzu yana tafiya wurin kamfanoni ƙalilan, Google da Meta, mai Facebook, a kan gaba.

Yadda manyan masu gidajen rediyo suka tunkari matsin kuɗi shi ne abin da nake so ka yi nazari a kai, don kada ku bi sawu. A Amurka, dokar sadarwa ta 1996 ta cire iyakar yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai mallaka a faɗin ƙasa. Kamfanin Clear Channel ya tashi daga kusan tasha 40 zuwa sama da 1,200 cikin 'yan shekaru, aka riƙa naɗar murya ɗaya a birni ɗaya ana watsa ta a garuruwa da dama kamar a can mai maganar yake. Kamfanin, wanda ya koma iHeartMedia, ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a 2018, da bashin kusan dala biliyan 20 a kansa. A Birtaniya, hukumar Ofcom mai sa ido kan gidajen rediyo ta sassauta sharuɗɗan shirye-shiryen yanki a 2018, shekarar da ta biyo baya kamfanin Global ya maye gurbin shirye-shiryen safe na yankuna da dama da guda ɗaya daga Landan. An rage kashe kuɗi, gaskiya ne. Amma tashar da ta daina magana da muryar mutanen da take cikinsu ta shiga gasar jera waƙoƙi da Spotify, kuma a wannan gasar ba ta da nasara.

To me ya rage muku? Na farko yana cikin fasahar kanta. Na'urar watsa shiri ɗaya tana kai wa mutum dubu ko miliyan da kuɗi ɗaya, mai sauraro kuma ba ya biyan komai. A intanet kowane mai sauraro layinsa daban, tasha na biya shi ma yana biya. Sauti mai matsakaicin inganci, kilobit 64 a daƙiƙa, yana cin kusan megabait 29 a awa guda. Hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ITU, ta ce a 2024 mutum biliyan 2.6 ba sa kan intanet sam. Ko a inda kowa ke da ita, ranar 28 ga Afrilun 2025 da wutar lantarki ta ɗauke a Sifaniya da Fotugal, layukan waya suka durƙushe, rediyo mai batir mutane suka koma nema. Norway da ta rufe zangon FM na tashoshin ƙasa a 2017 ma ta bar ƙananan tashoshin yanki a kansa.

Na biyu kuma, wanda ya fi, shi ne yarda. Mai sauraron da ya yi shekaru yana jin muryarka, idan ka ce wannan yaron yana da murya ku saurare shi, maganarka tana da nauyin da lissafin manhaja ba shi da shi. BBC ta gina shiri sukutum a kan wannan tun 2007, inda mawaƙan da ba su da kamfani ke aika waƙoƙinsu tashoshin yankunansu su fara sa su.

Wannan ba yana nufin ku ƙaurace wa soshiyal midiya ba. Ku shige ta sosai: a sa kyamara a ɗakin watsa shiri, a yanke hira mai daɗi zuwa minti ɗaya a ɗora, a karɓi saƙon murya ta WhatsApp, a ajiye shirye-shirye don wanda bai ji ba ya ji daga baya. Adadin masu kallon nan ma hujja ce da za ku nuna wa mai talla. Amma ku riƙe a zuci cewa kayan aro ba ya rufe katara. A Janairun 2018 Facebook ya sauya lissafinsa ya fifita saƙonnin 'yan'uwa da abokai, shafukan kafofin labarai da dama suka ga masu ganinsu sun zube. A Agustan 2023 Meta ta toshe labarai a Facebook da Instagram a Kanada saboda taƙaddama kan wata doka, ƙananan tashoshi suka wayi gari mabiyan da suka tara ba sa ganin abin da suke ɗorawa. Mawaƙa ma ba su tsira ba: a Fabrairun 2024 waƙoƙin kamfanin Universal suka ɓace daga TikTok kusan wata uku saboda rashin jituwa kan kuɗi. Saboda haka tasha ta mallaki shafinta na intanet, ta tara lambobi ko adireshin imel na masu sauraron da suka amince, ta yadda idan manhaja ta sauya hali ba za ku rasa hanyar isa gare su ba.

Wani tuntuɓe da tashoshi ke yawan yi: izinin sa waƙa a iska galibi ba ya rufe watsa ta a intanet. YouTube yana da tsarin da ke gane waƙa mai haƙƙin mallaka tun 2007, Facebook ma yana da nasa. Idan kuka watsa shirin waƙoƙi kai tsaye ba tare da izini ba, ana iya kashe sautin, ko a karkatar da kuɗin tallar ga mai waƙar, ko a rufe shafin idan abin ya maimaitu. Hira da waƙar da mawaƙi ya rera a ɗakinku da yardarsa a rubuce sun fi aminci, kuma su ne abin da babu wanda ke da irinsa sai ku.

Shi kuma sabon mawaƙin, kada ka sa shi zaɓen ɗaya. Ka ce ya fara gyara takardunsa kafin ya saki komai: ya rubuta yarjejeniya da mai kiɗa da duk wanda ya sa hannu a waƙar kan kason kowa, ya yi rajista da ƙungiyar da ke karɓar kuɗin haƙƙin mallaka a ƙasarsa, ya ɗora waƙar ta hannun kamfanin rarrabawa irin su DistroKid ko TuneCore, wanda zai ba ta lambar shaida ta ISRC da ake bin sawunta da ita. Spotify na ba da damar miƙa waƙa ga masu tsara jerin waƙoƙinta, amma sai an miƙa aƙalla kwana bakwai kafin ranar fitarta. Da yawa suna rasa wannan saboda gaggawa.

Ka kuma gaya masa gaskiyar kuɗin. Babu tsayayyen farashin sauraro ɗaya. Manhaja na tara abin da ta samu a kowace ƙasa, ta ware kusan kashi biyu cikin uku ga masu haƙƙi, ta raba gwargwadon yawan sauraro, don haka sauraro daga ƙasar da kuɗin rajista ke da arha ba ya kawo abin da na wata ƙasar ke kawowa. Tun 2024 waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin wata 12 ba, Spotify ba ta biyan kuɗin naɗinta. YouTube kuma yana neman mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara kafin a fara raba kuɗin tallar dogayen bidiyoyi da mutum. Wannan matsin ne ke tura matasa hannun masu sayar da sauraron bogi. Ya guje su ko da kyauta ne. Manhajoji na gano su su sauke waƙar, kuma a 2024 masu gabatar da ƙara a Amurka sun gurfanar da wani mutum kan zargin samun sama da dala miliyan 10 ta hanyar asusun bogi da ke ta sauraron waƙoƙinsa.

Sannan ya kawo maka. Mutum dubu goma da suka ji daƙiƙa goma sha biyar na waƙarsa a ƙasashe daban-daban sau da yawa ba su ma san sunansa ba. Mutum ɗari biyar da suka ji hirarsa a shirinka suna kusa da shi, su ne za su iya zuwa kallonsa ranar da zai hau dandamali, kuma ga yawancin ƙananan mawaƙa wasa a gaban jama'a ya fi manhaja kawo kuɗi. Idan ya zo, ka nemi ya zo da alƙaluman shafinsa, ka duba daga ina masu sauraronsa suke da kuma wace waƙa suke maimaitawa, hakan zai taimake ka wajen zaɓe. Ku naɗi hirar da kyamara, kowa ya ɗora a shafinsa ya ambaci ɗan'uwansa. In kuma tashar ku tana karɓar kuɗi don sa waƙa, to a sanar a iska cewa talla ce, a raba ta da waƙoƙin da kai ka zaɓa da kunnenka.