Amsa ga mai tambaya kan zafin jiki bayan ɗaukewar al'ada

Yaya, sannu da fama. Kin ce zafi na taso miki har gumi ya jiƙa zani da dare, kuma ba kya son maganin hormon, wato maganin da ke maye gurbin sinadaran jiki da suka ragu. Hakan na faruwa ne saboda raguwar estirojin, wani sinadari da jikin mace ke samarwa, galibi tsakanin shekara 45 zuwa 55.

Ki fara lura da abin da ke tayar miki da shi. Yaji, shayi mai zafi, kofi da goro su ne kan gaba wajen mata da yawa, kuma na san barin goro sai an daure. Ki riƙa kwana da kayan auduga, da ruwan sanyi kusa da gado. Awara da madarar waken suya suna ɗan rage wa wasu, amma ba nan take ba, sai an yi makonni. Saboda ƙashi kuwa, wanda ƙarfinsa kan ragu a wannan lokacin, ki riƙe nono, zogale, ƙananan kifi da tafiyar minti 30 kullum.

Haɗe-haɗen kasuwa da ake cusawa don bushewar gaba, ki bar su. Man rage bushewar gaba da ake sayarwa a kemis ya fi aminci. In kuma jini ya dawo bayan wata 12 da ɗaukewa, ki je asibiti ba tare da jinkiri ba.